Gayyar injuna uku a Gure

A shekarun da nake magana, odinatar, wato kwamfuta, uku ce a garin Gure kaf, a iya sanina, kuma babu wadda ke jin maganar ƴar'uwarta. Mu ma ba ma cewa odinatar sai in da baƙo a wurin. Inji muke cewa, kamar na niƙa.

Inji ɗaya yana gabana. Ni ce sakatariya a wani furoje na tsayar da tudun yashi, don kada ya binne lambunan da ke cikin kwari. Ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin biro, wato ofis, a Damagaram ba, da takardata mai hatimi, kuma kaina ya kumbura iya kumbura. Injina sabo ne dal, fuskarsa fara, ga ɓeransa mai doguwar wutsiya a gefe. Ranar da aka kawo shi har masu gadi suka shigo kallo, ni kuwa ina juya ɓeran nan a hankali kamar da shi aka haife ni.

Na biyu yana wurin Mushe (haka ake kiran malami a wurinmu), wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka ɗauke daga aji aka ba shi biron tsara takardun makarantu. Nasa ɗan dunƙule ne, wasu baƙi suka bar masa da za su koma ƙasarsu. Mushe mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya tambayar ruwan sha ba tare da ya jefa Faransanci uku a ciki ba.

Na uku na Baba ne. Ba mahaifina ba ne, abokin mahaifina ne tun suna samari, kuma a gabansa na girma. Shekara talatin ya yi yana daktilo, wato mai buga takardu da tafireta, kafin ƙungiyar da yake wa aiki, mai gyaran rijiyoyin makiyaya, ta ajiye masa inji. Tsohon inji ne, fuskarsa shuɗiya, ba shi da ɓera, da maɓallai kawai ake ba shi umarni. Baba yana dukan maɓallan nan kamar mai sussuka, har daga titi ana jin yana aiki. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: a shekara talatin ba a taɓa mayar masa da takarda an ce ya sake ba.

To, wata Laraba da hantsi sai ga shi a birona, abin da bai taɓa yi ba. Bai tsaya doguwar gaisuwar da ya saba ba, wadda yake farawa da Hausa ya ƙare da Barbarci. Ya miƙo mini wasiƙa kawai ya zauna. Daga sabon shef ɗinsu, shugaban aikinsu na Damagaram, ta fito. Duk wata uku Baba yana aika rapor, wato rahoton aiki, a kan disket, ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu. Shef ya ce sau biyu ke nan rapor ɗin yana isowa a hargitse, layuka sun kakkarye, tablo, wato jadawalin rijiyoyi, ya watse, ba a san wace rijiya ce ta garin Gamu ba, wace ce ta Gidigir. In na uku ya zo haka, za a kawo yaro matashi a kan injin, shi kuwa Baba a mai da shi falanto, ya zauna a benci bakin ƙofa yana kai saƙo.

Na karanta sau biyu, raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da shekara ɗaya da rabi ta rage masa ya ajiye aiki da mutuncinsa, shi za a zaunar a benci?

"Ƴata," in ji shi, "wallahi a gabana takardar nan tsaf take. Kamar an ja ta da zare. Mene ne ke cin ta a hanya?"

Na ce, "Baba, ba hanya ba ce. Injin shef irin nawa ne, na gan shi da idona. Naka da nasa ne ba sa jituwa."

Na faɗi haka da ƙarfin hali, alhali ban san komai a kai ba. Muka tafi wurin Mushe, tunda injinsa ya iya karɓar disket ɗin kowa, ko da yana gunaguni. Mushe ya saurara, ya gyara tabarau, ya ce abin da ake bukata shi ne a kafa komisiyo, wato kwamiti. A shirya takardar gwaji shafi ɗaya, a zuba mata duk abin da rapor ke ɗauke da shi: babban kai, rubutu mai kauri, layin ƙasa, tablo, wurin sa hannu. Ta fita daga injin Baba ta shiga na Mushe, daga nan ta shiga nawa, sannan ta koma gida. Duk inda ta lalace, a nan ɓarawon yake.

Baba ya ce, "Mushe, wannan ai gayya ce. Ku zo ku taya ni noman gonata, ni in ciyar da ku. Bar komisiyon nan, ba ni da kujerun da zan ba shi."

Haka aka sa mata suna gayya, aka tsayar da Asabar da safe. Injunan ba sa tashi daga mazauninsu, don haka kowa ya zauna a bironsa, disket ce za ta yi yawo. Baba ya buga takardar, ya naɗe disket ɗin a hankici saboda yashi, ya kai wa Mushe da kansa ya koma. Bayan kamar awa ɗaya Mushe ya kawo mini, yana ta gumi, ya ce komai nomal, ya juya da sauri.

Na sa disket, na buɗe. Innalillahi! Ban taɓa ganin ɓarna irin wannan ba. Kan takardar lafiya, amma daga tsakiya zuwa ƙasa layuka sun kakkarye, wani dogo wani guntu. Tablon kuwa ya watse kamar awaki sun ji kura. Gamu tana gabas, rijiyoyinta suna yamma, Gidigir ta hau kan wurin sa hannu ta zauna.

Na daɗe ina kallo. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in bar ta yadda take, in kira su su gani. Ai dalilin gayyar ke nan. Amma sai na tuna Baba ne zai tsaya a bayana ya ga aikinsa a haka, a kan injina, a gaban ƴar da ya goya a kafaɗa. A gidanmu, in babba ya tashi daga tabarma rigarsa ta naɗe a baya, ba a cewa komai. Wucewa ake yi kamar za a ɗauki buta, a ja masa ita a hankali. Hannuna ya kai kan ɓera tun kafin in yanke shawara. Na ce bari in ɗan matsar da Gamu kawai. Daga Gamu na koma Gidigir. Kafin in farga na sake gina tablon gaba ɗaya, na ɗinke layukan, na ajiye ta a salon da injin Baba ke karantawa, na naɗe a hankici.

Da Baba ya buɗe a gabanmu, takarda ta fito tsaf. Mushe ya buga tebur ya ce, "Wala! Injuna uku sun ba da shaida. Laifin na Damagaram ne!" Ni ma na ce haka ne, ina kallon ƙasa. Aka kawo fura daga gidan Baba, da cuku, da dabinon lambunsa na kwari. Na sha fura har ludayi biyar, amma ba ta yi mini daɗi ba.

Mushe bai tsaya nan ba. Nan take ya zaro alƙalami ya fara tsara wa shef amsa, da Faransanci mai ƙaho. A ciki an ce ƙwararru sun gudanar da bincike, an ce rapor ɗin Gure ba shi da aibi, an kuma ba shef shawara cikin ladabi mai yaji da ya nemi wanda zai koya masa buɗe disket. In wasiƙar nan ta tafi, rapor na uku kuma ya bi ta a hargitse, ko bencin ma Baba ba zai samu ba. Yaya zan ce na yi ha'inci a gayyar da aka ciyar da ni?

Baba ya karɓi wasiƙar, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce tana da kyau, amma a ƙara zagaye ɗaya Asabar mai zuwa, don shi bai taɓa aika takarda ba tare da ya karanta ta sau biyu ba.

Asabar ta zo, aka sake. Mushe ya kawo mini disket, gumin ya fi na wancan karon. Na buɗe, ɓarnar tana nan inda na san ta. Na rantse a raina ba zan taɓa ba. Na tashi na sha ruwa, na leƙa waje, na dawo. Sai na gyara. Wannan karon ma na fi sauri, tunda hannu ya saba.

Baba ya buɗe, takarda tsaf. Bai yi murna ba. Ya sa yatsa a fuskar injin, a kan layin ƙarshe na tablon, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya juyo da kujerarsa ya dube mu.

"Wannan layin," in ji shi, "ni na karkatar da shi da hannuna. Da gangan na tura shi gefe. Babban kan kuma na bar shi ba layin ƙasa, shi ma da gangan. Ga shi sun dawo, layi ya miƙe, kai ya sami layinsa. Yaushe inji ya fara jin kunyata?"

Ya dube ni, ya dubi Mushe. Ana jin kukan akuya daga bayan katanga.

"Inji ba ya rufa wa kowa asiri. Wanda ya gyara mini wannan ɗan Adam ne, mai uwa da uba. Wane ne a cikinku?"

Na ce, "Ni ce, Baba," daidai lokacin da Mushe ya ce, "Se muwa." Muka juya muka kalli juna baki buɗe. Ashe shi yake gyara rabin sama, kai da sakin layi na farko, sai gumi ya ci ƙarfinsa ya bar mini rabin ƙasa, yana fatan injina zai haɗiye sauran. Ni kuma ina ɗauka saman lafiya yake zuwa. Kowannenmu yana zaton shi kaɗai ne munafukin.

Abin da ya fi ba ni haushi, Mushe ya san takardar a lalace take, amma ya zauna ya rubuta wa shef wasiƙar nan mai ƙaho. Na tambaye shi dalili, murya sama. Ya ce da ya ga ta dawo tsaf, sai ya ɗauka nasa injin ne kaɗai mai cutar, na kowa lafiya. Kuma, in ji shi, Faransancin ya riga ya taso masa, ba yadda zai yi.

Baba ya yi dariya har ya share ido. Da ya gama ya ce, "Allah ya yi muku albarka, kun kusa kashe ni da ladabi." Sannan ya kafa doka. Injunan uku za su haɗu a ɗaki ɗaya. Wanda ya buɗe takarda zai mai da hannuwansa baya, kamar ɗan lakwal a gaban direkta, har sai kowa ya gani an rubuta.

Birona aka zaɓa, don mu ne masu janareto. Ranar Asabar ta uku aka ɗauko injin Baba da na Mushe a amalanken jaki, an shimfiɗa musu katifa, an lulluɓe su da zannuwan matar Baba. Yashin Gure ba ya son ƙafar amalanke, sai da muka yi ta turi. Mushe yana tafe a gefe riƙe da laima, ba a kansa ba, a kan injin. Masu kantunan bakin kasuwa suka fito suna tambaya ko wani ne ba lafiya. Baba ya ce musu, "Su biyu ne, amma da sauƙi."

Muka jera su a kan tebur biyu. Na kawo sabon kaye, littafin rubutun ƴan lakwal, na ja layuka: daga wane inji, zuwa wane inji, me ya isa da rai, me ya mutu a hanya. Baba ya buga takardar, aka sa a nawa kai tsaye, tunda shi ne irin na shef. Na buɗe, na mai da hannuwana baya. Ban taɓa sanin hannu yana ƙaiƙayi haka ba.

Baba ya matso ya tsaya. Karon farko ke nan da ya ga abin da shef ke gani. Ya kalli Gamu a gabas, rijiyoyinta a yamma. Sai ya cire hularsa ya sake sawa. Tausayinsa ya kama ni har na ji hawaye, amma doka doka ce, hannuna na baya.

"To," in ji shi. "In ni ne shef, da tun na farko na ba ni bencin. Rubuta, ƴata."

Muka wuni muna yi. Abu ɗaya-ɗaya muke gwadawa, don mu san mai laifi. Layin ƙasa yana isa ko'ina lafiya. Rubutu mai kauri yana isa wurina, amma ya rame a injin Mushe. Haruffan Faransanci masu hula wani lokaci sukan koma ƴan akwatuna. Da aka juya tafiyar, aka aika tawa takardar zuwa injin Baba, sai kunya ta dawo kaina. Duk adon da nake taƙama da shi, zanen gefe da rubutu mai lanƙwasa, ya isa can kamar kaji sun yi tono. Baba ya ce, "Hannu baya, Madam sakatariya," yana jin daɗinsa. Na yi fushi na minti biyar, na rubuta.

Tablon ne ya ƙi. Ko ta ina aka bi da shi sai ya watse. Sai na ce Baba ya sake buga shi ina kallon yatsunsa, ba fuskar injin ba. Nan na gani. Babban yatsansa ne ke ta dukan dogon maɓallin tazara, tak tak tak, yana ƙirgawa a ransa har kalma ta zo daidai ƙarƙashin ta sama. A ƙarshen kowane layi kuma sai ya danna maɓallin komawa, kamar yadda yake tura kan tafireta in ƙararrawa ta yi ƙara. A injinsa duk haruffa faɗinsu ɗaya, don haka lissafinsa yana fita daidai. A nawa da na shef kowane harafi da nasa faɗin, lissafin sai ya rushe.

Wannan ne abu mafi wuya da na taɓa faɗa wa babba. Na ce, "Baba, injunan suna da laifi, amma rabin laifin na wannan yatsan ne." Ƙwarewar da ya yi shekara talatin yana tarawa, ita ce ke watsa masa takarda. Ya ɗaga yatsan ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa.

Maganin bai da yawa. Akwai maɓalli mai kibiya biyu da ke tsallaka da kalma zuwa wuri tsayayye, shi zai riƙa dannawa sau ɗaya. Layi kuma ya bar shi ya karya kansa. Sannan muka gano wani salon ajiya da injunan uku duk suke ganewa, ba ado, ba ƙawa. Baba ya sa masa suna Hausar kasuwar Gidigir, wadda Babarbare da Bafulatani da Batube ke ciniki da ita kowa ya koma gida da kayansa. Muka rubuta dokokin a shafin ƙarshe na kaye, kowa ya kwafa ya manna a bangon bironsa.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Sati uku Baba yana fama da yatsan nan, yana kai duka da kansa ba a aike shi ba. Ƙarshe sai ya ɗaure shi da tsumma ya haɗa da tafin hannu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa yatsan ne ya yi laifi yana gidan kaso.

Ana cikin haka wata tambaya ta hana shi sukuni. Shekara uku yana aika disket, me ya sa sai bana aka fara kuka? Shofer ɗinsu, direban da ke zuwa Damagaram, ne ya ba shi amsa, ba tare da ya san nauyinta ba. Ya ce ai da akwai wata dattijuwar sakatariya a babban biro, duk disket ɗin Gure ita ke karɓa, ta rufe ƙofa ta wuni a kai. Ta ajiye aiki wata shida da suka wuce. Baba bai taɓa ganinta ba, sunanta kawai yake gani a ƙasan takardu. Shekara uku tana sake buga masa rapor daga farko har ƙarshe, ba ta taɓa ce wa kowa uffan ba.

Ranar da rapor na uku ya kammala, ya kawo shi birona. Na buɗe, mu uku muka tsaya hannu baya. Gamu ga rijiyoyinta a gabanta, Gidigir ga nata, wurin sa hannu fili fetal. Aka ba shofer. Muka yi sati muna jiran wasiƙa, muka yi biyu, muka yi wata. Ba abin da ya zo. Mushe ya ce rashin ladabi ne, ya kamata a aiko da yabo. Baba ya ce shi a aikinsa shiru shi ne yabo, kuma haka ya ci gaba da zama a kujerarsa har ranar da ya ajiye aiki.

Amma kafin nan, da dabino ya nuna, ya cika kwando ya hau mota zuwa Damagaram, ya yi ta tambaya har ya sami gidan dattijuwar. Da ya dawo na je gaishe shi, na ce yaya aka yi.

Ya ce ta karɓe shi da kyau, ta ba shi ruwa. Ya faɗa mata ko shi wane ne, ya ce ya zo godiya ne saboda wahalar da ta sha shekara uku a kan takardunsa. Sai ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Wace wahala, Malam? Ni ban san wannan zancen ba. Takardun Gure ai tsaf suke zuwa, kamar an ja su da zare."

Yana ba ni labarin yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Na ce, "To kai me ka ce mata, Baba?"

"Me zan ce? Na ce haka ne, Hajiya, na mance ne. Na ajiye mata kwandon na taso."